Jegon Bushiya da Ɗacin Shuwaka

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta!

To ku ji ta. Amma wanda ya zo neman dariya ya tashi ya ba ni wuri, yau ba ni da ita.

Da can shuwaka ba ta da ɗaci. Kar ku zare mini ido, haka ne. Ganyenta kore shar rani da damina, furenta ruwan ɗorawa, in ka tauna ganyen gardi kamar gyaɗa. Guda ɗaya ce tak a garin, a jikin dangar gidan Bushiya ta waje. Ita ta kafa reshen da hannunta, ta yi ta ba shi ruwan wanke-wanke har ya kama.

Wata shekara rani ya yi tsanani. Mijin Bushiya ya tafi cin rani, ya bar ta da tsohon ciki. Ta haifi 'ya mace. Kun san mai jego ba ta fita sai ta yi arba'in. Sai ta miƙa hannu ta kan danga, ta tsinko ganye, ta kaɗa miya. In ta sha, nono ya kawo. In ba ta sha ba, ƙaf! Ran jaririyar nan a ganyen nan yake.

Sai ga Kurege, aminin mijinta, wanda take jin kunyarsa kamar wan miji.

"Salamu alaikum, mai jego! Barka da arziki."

"Barka kadai, Yaya."

"Ɗan ganye kaɗan zan tsinka, uwargida ba ta jin daɗi."

"Ai naka ne, Yaya."

Kaɗan ɗin Kurege kwando ne cike. Shuwaka ta ɗaga murya:

Bushiya, Bushiya, fito ki gani,
Baƙon barka ya zo da kwando!

Bushiya ta ce, "Yi haƙuri, jego nake. Kuma ana hana aminin miji ganye?"

Ba a jima ba ya dawo. "Yaya 'yar baƙuwa? Fure kawai zan ɗiba, yara na so."

"Ai naka ne, Yaya." Bakinta ne kawai ya faɗa.

Bushiya, Bushiya, fito ki gani,
Baƙon barka ya zo da buhu!

Ya share fure, ya haɗa da ganye. Ran nan miyar Bushiya ruwa ce tsululu. Jaririya ta kama nono, ta saki, ta tsala kuka.

Zuwa na uku, ko barkar bai ƙarasa ba. "Reshe ɗaya zan sara in dasa, kowa ya huta."

Bushiya, Bushiya, fito ki gani,
Baƙon barka ya zo da adda!

Bushiya ta miƙe. Ta kai bakin zaure, ta sa ƙafa ɗaya waje. Sai ta ce a ranta, "Me mutane za su ce?" Ta mayar da ƙafar. Kai, ni wannan wurin ne yake ba ni haushi! Tana tsaye tana jin sara, kaf, kaf, kaf, har aka bar kututture.

Nono ya ɗauke. Kukan jaririya ya yi ta sirancewa, har sai ka kasa kunne za ka ji shi. Sannan ne fa Bushiya ta fita, ba arba'in ba komai, ta ruga gidan Kurege. Ga rassan nan a yashe a rana sun bushe, ko ɗaya bai dasa ba.

"Yaya, ko ganye biyu ka taimake ni, 'yata za ta mutu."

Kurege ya riƙe baki. "Subhanallahi! Mai jego a waje? Ke ba ki da kunya ne?" Ya ja ƙyaurensa.

Ta koma gida, ta tarar kukan ya tsaya.

Bayan an binne 'yar, kullum sai ta zauna gindin kututturen tana kuka, hawaye na sauka a kansa. Har ya yi toho. Ta tsinki ganye ɗaya ta tauna. Tuf! Ɗaci kamar maɗaci.

"Shuwaka, me ya same ki?"

"Sau uku na kira ki, ba ki fito ba. Daɗina ne ya jawo mini adda. Daga yau duk mai son ci na sai ya sha wahala."

Da furen ya dawo, fari ya fito, kamar likkafani.

Shi ya sa har gobe sai iyayenku sun murje shuwaka sun wanke, sun sake murzawa sun wanke, kafin ta shiga tukunya, kuma duk da haka ɗacin ba ya fita duka. Ku riƙe wannan: kunyar mara kunya asara ce. Bushiya ta tsare kunyarta, ta binne 'yarta.

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera! Ku tashi, bakina ya yi ɗaci.