Man Mota a Cikin Babur

A wani ƙauye da ke gindin tudu an yi wani manomi wanda yayansa ya rasu, ya bar mata da 'ya'ya uku, da fadamar tumatir, da babur. Babur ɗin ya dawo hannun ƙanin, tare da nauyin gidan. Kowace safiya yakan goge shi da tsumma. Robar totur, inda tafin hannun marigayi ya cinye, bai yarda kowa ya canza ta ba.

Da lokacin juyen baƙin mai ya yi, sai wani abokinsa, direba a birni, ya kawo masa galan na man da ake zuba wa motar maigidansa. Mai ne garau kamar zuma. Manomin ya ce a ransa, “Yayana bai taɓa samun irin wannan ba. Bari in ba babur ɗinsa abin da shi bai iya ba shi ba.”

Ya kai wa Baba Irmiya, tsohon bakaniken da ke gindin mangwaro a bakin kasuwa, wanda ke duba babur ɗin tun yana sabo. Tsohon ya ɗiga man a yatsa, ya murza, ya jujjuya galan.

Ya ce, “Ɗana, ina hoton babur a jikin nan?”

“Baba, ai wannan ya fi na babur tsada.”

“Nama ma ya fi dusa tsada. Je ka ba akuyarka mu gani.”

Sa'an nan ya zaunar da shi ya ce, “A mota, inji da mansa, giya da nata. A babur irin naka kuwa su uku ne a kwano ɗaya: inji, giya da kuloci. Inji yana son santsi. Kuloci aikinsa riƙo ne, shi ke kama ƙarfin inji ya miƙa wa taya. In santsi ya yi masa yawa, sai ya sake. Yayanka ƙaramar gora yake saye, wadda littafin babur ya faɗa, har ya bar duniya bai canza ba.”

Manomin ya yi godiya, ya ɗauki galan ɗinsa, ya je gida ya zuba da hannunsa.

Kwana shida yana yawo a shimfiɗaɗɗiyar hanya, inji yana tafiya shiru kamar ruwan rafi. Ya bi ta gindin mangwaro ya ɗaga murya, “Baba, ka ji muryar inji?”

Tsohon bai ɗago daga aikinsa ba. Ya ce, “Na ji. In ka je, ka gaida mini tudu.”

A rana ta bakwai tumatirin matar yayansa ya nuna. Motar masu saye tana tsayawa a kan tudu, a bakin kwalta, sau ɗaya a mako, kuma da rana ta take tsaka sai ta tashi. Nunannen tumatir kuwa ba ya jiran kowa. Matar ta taya shi ɗaure manyan kwanduna biyu, ta ce, “Ƙaramin miji, ka bi a hankali. Wahalar rani guda ce ka goya.”

Ya kama hawa. A tsakiyar tudu ya murɗa totur, inji ya yi ruri, amma taya ba ta ji ba. Ya ƙara murɗawa, ƙauri ya tashi, babur ya tsaya yana kuka a wuri ɗaya. Ya sauka ya dinga turawa, gumi yana shiga masa ido. Da ya kai bakin kwalta, sawun taya kawai ya tarar.

Ya komo da kwanduna suna ɗigar ruwa. Matar yayansa ta dube su, ta dube shi. Ta ɗauko wuƙa biyu, ta miƙa masa ɗaya. Suka yanyanka abin da ya ragu, suka shanya a kan dutse.

Washegari ya turo babur zuwa gindin mangwaro. Baba Irmiya ya ce, “Ka gaishe shi?”

“Na gaishe shi, Baba. Bai amsa ba.”

Tsohon ya tsiyaye man tas, ya sa sabbin faya-fayen kuloci, ya zuba na ƙaramar gora. Da mako ya zagayo, babur ya hau tudun da giya ta biyu, bai ko yi tari ba.

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi. Babur ɗin zuciyarka ce. Man kuwa maganar da kake bari a zuba a cikinta ce. Akwai magana mai kyan gani, mai santsi a kunne, wadda ke cewa mai bin Ubangiji ba zai yi rashi ba, ba zai yi kuka ba. A shimfiɗaɗɗiyar hanya tana tafiya lafiya lau. Amma akwai ranar tudu, ranar da za ka dawo daga maƙabarta ka tarar da takalman mutum a ƙofar ɗaki. Ni na hau wannan tudun, wasunku ma sun hau. A ranar, magana mai santsi ba ta riƙe komai. Bakinka yana ta addu'a, ƙafarka ba ta motsi.

Ku lura, ba mugunta ce ta sa manomin ya zuba man mota ba, ƙauna ce. Amma ƙauna ma sai ta tambayi wanda ya ƙera. Wanda ya yi mu ya san abin da zuciya ke ci, ya kuma ba mu Maganarsa. Ita ba ta ce babu tudu ba, cewa ta yi yana tare da mu a wurin hawa. Tana sanyaya zuciya, tana kuma riƙe ta.

In ka riga ka zuba wani abu dabam, kada ka ji kunyar turo babur ɗinka wurin Ubangiji. Yana tsiyayewa, yana sabuntawa. Sai dai ka zo tun kana kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, gama kwandunan da ke bayanka ba naka kaɗai ba ne.