Famfon Baba Ɗantani da Sunan Jika

Ku aje wayoyin nan ku ba ni kunnenku, yau akwai shari'ar da za ku yanke mini.

A wata fadama akwai famfunan sola goma sha biyu, manhaja ce take buɗe musu ruwa kowace safiya. Na ƙarshe shi ke shayar da albasar Baba Ɗantani, abin da gidansa zai ci shekara. Ranar da aka sabunta manhajar, kowa ya samu ruwa ban da shi. Kwana huɗu yana zarya ofishin ƙungiyar manoman fadamar, ana ce masa ƙorafin tsufa ne. Ƙawaye uku ke kula da manhajar: Kubura, Turai da Asabe.

Kubura ce ta saurare shi. Ta bi shi gona, ta tona ƙasa da hannunta, ta ji ta a bushe ƙamas. Ta dawo ta wuni tana bin bayanan da na'ura ke ajewa, har ta gano layi ɗaya tak inda manhajar take cijewa. Amma ta kasa gane dalili.

Turai ce ta gane. Masu wannan sana'a sukan fara rubuta siffar abu, suna kiranta kilas, sannan su fitar da kowane famfo daga cikinta. Kilas kamar zanen gida ne a takarda, ba a kwana a cikinsa. To, wanda ya ƙara famfon Baba ya yi gaggawa, ya aika umarnin buɗe ruwa ga kilas ɗin, ba ga famfon ba. Tsohuwar manhaja tana kau da kai ta buɗe ruwan, sabuwar kuwa ta ce sam, wane famfo? Turai ta gyara, umarni ya nufi famfon kansa.

Asabe kuwa taurin kai gare ta, Allah Ya yi mata albarka. Babu sabis a fadamar, sai ta goya kwamfuta a babur har gindin famfo. Ta ƙi ɗora gyaran sai ta gwada. Ashe Turai ta rubuta lamba sha biyu, ta manta na'ura daga sifili take fara ƙirga, na Baba sha ɗaya ne a wurinta. Da an ɗora haka, da shiru za a sake ji, albasar kuma ba za ta kai gobe ba. Asabe ta canza lambar, ruwa ya ɓalle. Baba ya durƙusa a bakin kwari yana hawaye.

Albasa ta yi, gida ya tsira. Ana cikin cira sai surukarsa ta haifi mace. Ya kira su ukun ya ce, "'Ya'yana, ba ni da abin da ya kai ku. Jikar nan sunan ɗayarku za ta ci." Suka sunkuyar da kai, kowace tana nuna 'yar'uwarta.

Ga liman ya zauna, an raba goro, an ɗaure rago, ana jiran bakin tsoho. Da Kubura ba ta ji kukansa ba, ba a san da ciwon ba. Da Turai ba ta gane shi ba, babu magani. Da Asabe ba ta gwada ba, maganin bai ci ba.

To, ku da kuka iya gardama, sunan wa za a raɗa wa yarinyar nan?