Ƙusoshin da Brody Ya Ƙi Karɓa

"Ni taɓo ba baƙona ba ne," in ji Brody Halvorsen ranar da ya iso Harnsby. "A Minnesota aka haife ni. Can muna buga ƙwallo dusar ƙanƙara tana kai mana gwiwa, in ta narke mu ci gaba a cikin caɓin."

A tsaye yake a kan kujera lokacin da ya faɗi haka, domin al'adar ƙungiyar garinmu, Harnsby Town, ita ce sabon ɗan wasa ya hau kujera a ɗakin canja kaya ya gabatar da kansa, tsofaffin hannu su yi ta zolayarsa. Kyaftin Dougie Marsden ne ya tsokano shi da cewa, "Kai Kaboyi, ka taɓa ganin ruwan sama kuwa, ko sai a fim?" Ɗaki ya ɗauki dariya. Brody ya ji kunnuwansa sun yi zafi, sai ya saki waccan magana. Dariya ta tsaya. Dougie ya gyaɗa kai ya ce, "To, ashe namu ne." Daga ranar aka raɗa masa suna Sarkin Ƙanƙara.

Brody saurayi ne ɗan shekara ashirin da ɗaya, ɗan baya, wanda wata ƙungiya a Amurka ta ba mu aronsa daga watan Agusta zuwa farkon Janairu. Sharaɗin a fili yake: in ya yi wa koci, a riƙe shi dindindin, in bai yi ba, ya koma inda ya fito. Shi kuwa babu abin da yake so a duniya kamar a riƙe shi. Yaro ne mai fara'a, ga gudu, ga ladabi, har direban motar ƙungiya sai ya ce masa ranka ya daɗe. Aibinsa ɗaya ne: bakinsa bai iya furta "ban sani ba". In ka tambaye shi hanyar garin da bai taɓa jin sunansa ba, zai ɗaga hannu ya nuna maka.

Wata biyun farko fili a bushe yake, Brody kuwa ya yi ta haskawa. Babu ɗan gaban da ya wuce shi da gudu. A mashayar da ke bakin filin wasa, tsofaffin da suka rantse cewa ɗan Amurka ba zai iya ƙwallon Ingila ba suka fara cewa ai su dama tun farko sun ga alama.

Sai Oktoba ta shigo da ruwanta. Wanda bai san filin Harnsby da damina ba zai ce ƙari ake yi. Akwai wata kusurwa ta gefen kogi da aka ce wani mai tsaron gida ya taɓa faɗawa da hular sanyi, ba a ga hular ba sai bayan shekara uku, ta fito da ciyawa a kanta. Saboda haka da zarar ruwa ya sauka, duk ranar Juma'a 'yan wasa sukan yi layi a tagar Noreen, dattijuwar da ta shekara talatin tana kula da riguna da takalman ƙungiya. Kowa Inna yake ce mata, har koci. Takan zauna da ɗan sifananta ta kwance gajerun ƙusoshin da ke ƙasan takalmi, ta ɗaura dogaye na ƙarfe, guda shida, masu kama laka.

Da layi ya zo kan Brody, ta juya takalminsa ta duba. Ƙasansa 'yan ƙananan haƙora ne na roba da aka ƙera tare da takalmin, ba a kwance su.

"Ɗana, da wannan za ka shiga? Ai wannan na zuwa coci ne." Ta miƙo masa wasu sababbi masu dogayen ƙusoshi. "Ungo, lambarka ce."

Brody ya karɓa ya yi godiya, ya jira kowa ya watse. Ya saka su, ya miƙe a kan simintin baranda. Taku uku ya yi, ƙafafunsa suka riƙa rawa kamar na jaririn maraƙi, ya dafa bango da hannu biyu. Bai taɓa saka irinsu ba a rayuwarsa.

Gaskiyar magana, a Minnesota aka haife shi, haka ma takardunsa suka nuna, amma yana ɗan wata shida mahaifiyarsa ta ɗauke shi suka koma hamadar Arizona. A kan ciyawar roba ya koyi ƙwallo, kuma ƙungiyar da ta ba da aronsa a filin da aka yi wa rufi take wasa. Ya san in ya fita atisaye da waɗannan ƙusoshi, sai ya yi kwanaki yana tangaɗi a gaban Dougie kafin ya saba, kuma duk wanda ya gan shi zai gane. Ya tuna dariyar ranar kujera. Ya cire takalman ya mayar tagar.

"Inna, na gode, amma na fi sabawa da nawa. Da su muke shiga ƙanƙara a gida."

Noreen ta dube shi ta saman tabarau. "Ƙanƙarar garinku mai haƙuri ce," in ji ta. Ta ɗora takalman a kan kanta, ta rubuta sunansa a jikin kwalinsu.

Asabar ɗin nan ya zame sau biyu, ba a ci mu ba, aka yi dariya aka wuce. Ta gaba ya zame sau huɗu. Zuwa tsakiyar Nuwamba, Noreen ta ce wandon Brody kaɗai yana cin sabulun mutum uku. Dougie ya daina zolaya ya koma faɗa a tsakiyar fili: "Sarkin Ƙanƙara, tashi mana! Barci ka zo yi?"

Koci Akroyd mutum ne mai ƙarancin magana. Wata safiya bayan atisaye ya tsayar da Brody a bakin fili.

"Yaro, faɗa mini gaskiya. Takalmin ne, ko filin ne ba ka saba da shi ba?"

Maganar tana nan a bakin Brody. Sai ya hango Dougie yana ɗaure igiyar takalmi a kusa da su.

"Ko ɗaya, Oga. Na buga a filin da ya fi wannan muni. Sa'a ce dai ban samu ba."

Koci ya ce, "To." A ransa kuwa ya yanke hukunci irin na masu sana'a: wanda bai san laka ba ana koya masa, amma wanda ya tashi a cikinta kuma yake faɗuwa, ƙafarsa ce ba ta da kirki, babu abin da za a koya masa.

Washegarin Kirsimeti muka karɓi maƙwabtanmu Skelbeck, wasan da ko kaka ba ta zama a gida. Mahaifiyar Brody, Charlene, ta taso tun daga Amurka don ta gani, aka zaunar da ita cikin bargo biyu. Ruwa ya kwana uku yana zuba. Noreen ta sake ajiye kwalin nan a wurin zaman Brody. Ya ture shi ƙarƙashin benci da dunduniya.

A gaskiya ya yi ƙoƙari ranar. Ya tare ƙwallo da kai, ya tare da ƙirji, sau ɗaya ma da fuska. Saura minti biyu a tashi, babu ci, aka cillo ƙwallo ta kusurwar kogi. Brody ya riga ɗan gaban Skelbeck isa da taku biyar. Juyawa kawai zai yi ya doke ta waje. Ya kafa ƙafar hagu, ƙafar ta yi gaba ta bar shi. Yana kwance a bayansa yana kallon sama ya ji ihun 'yan Skelbeck, sun ci mu.

Bayan an tashi koci ya kira shi ofis. Bai yi masa faɗa ba. Ya ce, "Kai yaron kirki ne, amma ba ka dace da mu ba. Tun jiya wata ƙungiya take jiran amsata a kan wani ɗan baya da za su ba mu a madadinka, yanzu na amsa musu. Ranar biyu ga wata za ka koma gida."

Suka fito tare zuwa ɗakin shan shayi, inda iyalan 'yan wasa suke taruwa bayan wasa. Can suka tarar da Charlene ta samu Noreen sun baje hira, kowace da kofinta, Dougie yana gefe yana cin kifi da soyayyen dankali.

"Zo nan, Autana," in ji Charlene, tana goge masa laka a bayan kunne. "Ni dai na ce ka yi ƙoƙari. Ina gaya wa baiwar Allah nan, yaron da bai taɓa taka taɓo ba sai a garin nan! A wurinmu in aka yi ruwa sau biyu a wata sai an sa a labarai."

"Mama, shayinki zai huce," in ji Brody.

"Wane wurin naku?" in ji Noreen a hankali. "Minnesota?"

Charlene ta fashe da dariya. "Minnesota? Ai a zanen goyo ya bar ta. Ranar da ƙanƙara ta zubo muku a watan jiya, kirana ya yi yana ihu, wai Mama ashe da gaske fara ce, har ya ɗanɗana!"

Dougie ya ajiye dankalin da ya kai baki. Noreen ta cire tabarau ta dubi Brody.

"Ɗana, ƙanƙarar da take kai maka gwiwa, a kan harshe ka auna ta?"

Brody ya sunkuyar da kai. Ya jira dariyar da ya yi wata biyar yana gudu, amma ba ta zo ba. Dougie ya ce, "Haba Kaboyi! Ni da aka haifa a bayan filin nan, ranar da na fara saka ƙusoshin a kan Inna na faɗa, da tiren shayi a hannunta. Da ka faɗi gaskiya, kwana biyu za mu yi maka dariya mu manta."

Koci Akroyd ya shafa fuskarsa da hannu biyu. "Sati biyu," in ji shi. "Sati biyu kacal ake sabawa da su. Na tambaye ka, yaro. Da bakina na tambaye ka." Ya dubi wayar da ke hannunsa, ya mayar da ita aljihu. Ya riga ya ba da alkawari, kuma duk Harnsby an san ba ya janyewa.

Noreen ta fita ta dawo da kwalin nan mai sunansa, ta ɗora masa a hannu.

"Tafi da su. Duniya da faɗi, wani wurin ma ana ruwa."

Brody ya buɗe ya daɗe yana kallon ƙusoshin. Sannan ya ce, da murya ƙasa-ƙasa, "Inna, ban san yadda ake ɗaura su ba."

"Yauwa," in ji ta, ta zaro ɗan sifananta daga aljihu. "Da a Oktoba ka faɗi haka."

Har yau a mashayar bakin fili ana gardama a kan ko ɗan Amurka zai iya ƙwallon Ingila, ana kafa hujja da Brody, alhali ba ƙasarsa ce ta kayar da shi ba. Darasin da ke cikin labarinsa shi ne, rashin sani ba aibi ba ne, kuma yana da magani muddin an faɗe shi. Wanda ya ɓoye abin da bai sani ba don gudun dariyar kwana biyu, mutane za su auna shi a matsayin masani, su ga gazawarsa, su ɗauka iyakar iyawarsa ke nan. In ka je baƙon wuri, ka faɗi gaskiyar inda ka fito, ka karɓi abin da mutanen wurin suka miƙo maka, ka koyi cewa "ban sani ba" tun lokacin da faɗarta take da amfani.