Kyanwar Da Shahribonu Ta Bari

Akwai wani dattijo mai suna Davlatsho, tsohon direban babbar mota, a wani ƙauye can cikin duwatsun Pamir na Tajikistan. 'Ya'yansa duk suna Rasha wajen neman abinci. Matarsa Shahribonu ta rasu, ta bar masa gida shiru da wata farar kyanwa mai suna Barfak.

Davlatsho mutum ne mai ji da kansa. Idan an kawo masa abinci sai ya ce shi ba mabaraci ba ne. Maƙwabtansa na kusa, Nazarbek da matarsa Mavluda, sun fi kowa shan bakinsa. Ranar da kajin Mavluda suka tone masa karas, sai da rabin ƙauye suka ji muryarsa. Tun daga nan ko gaisuwa sai dai ta ɗaga hannu.

Kyanwar ce kaɗai ke ganin laushinsa. Tare suke karyawa, kuma ita yake ba labarin hanyoyin da ya bi da mota.

Ana tsakiyar hunturu Barfak ta fara atishawa. Kafin a ankara idanunta sun manne da ruwa mai kauri, hancinta ya toshe, ta daina ci, ta daina sha. Sai ta lafe a bayan murhu tana numfashi da baki.

Likitan dabbobi yana can cikin gari, ga shi dusar ƙanƙara ta zubo daga dutse ta rufe hanya. Babu mota mai shiga, babu mai fita. Davlatsho ya hau tudu da wayarsa har yatsunsa suka ƙage, bai samu layi ba. Ya dawo ya zauna a gabanta, yana kai mata madara baki tana kau da kai.

Nazarbek ne ya lura ƙanƙara ta taru a rufin Davlatsho ba a kwashe ba, abin da bai taɓa faruwa ba. Ya ce wa matarsa, "Anya tsohon nan lafiya?"

Mavluda ta yafa mayafi ta tafi. Ta tarar da shi durƙushe yana niƙa ƙwayar maganin zazzaɓi a cikin cokali.

"Wa za ka ba wannan?"

"Ina ruwanki? Wa ya kira ki?"

"Ajiye shi, Yaya. Irinsa 'yata ta ba tata kyanwar, ba ta kwana ba. Ni ba likita ba ce, amma wannan kam da idona na gani."

Ya ajiye cokalin. Ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya fasa. Da ƙyar ya ce, "Ita kaɗai ta rage mini a gidan nan."

Mavluda ta duƙa ta taɓa kyanwar, ta ji duk ƙashi. Ta ce, "Magani ba mu da shi. Abin da muke yi wa yara idan mura ta kama su, shi za mu gwada. Sauran na Allah ne."

Ta tafasa ruwa a tukunya, suka sa Barfak a kwando kusa da ita, suka lulluɓe da bargo don ta yi surace. Ta jiƙa tsumma mai laushi da ruwan ɗumi, ta nuna masa yadda zai riƙa goge mata ido da hanci. A saman rufi kuwa, ƙarar shebur ɗin Nazarbek ce ke tashi, ba tare da kowa ya roƙe shi ba.

Da azahar Mavluda ta dawo da romon kaza a kwano, babu gishiri, babu albasa. Davlatsho ya san abin da kaza mai ƙwai take nufi a gida lokacin da hanya ke rufe.

"Kin yanka kaza saboda kyanwa?"

"Wadda ta tone maka karas ce. Ai ka daɗe kana yi mata fatan wuƙa."

Nazarbek, da ya shigo shan ɗumi, ya ce, "Ni kuwa gaba ta kai ni. Tun kaka nake roƙon nama a gidana, sai da kyanwarka ta kwanta na samu."

Davlatsho ya yi dariya, ya yi sauri ya goge ido da hannun riga.

Suka riƙa ɗiga mata romon a gefen baki da ƙaramin cokali, kaɗan kaɗan. Wani ta haɗiye, wani ya zube. Kwanaki suka yi ta wucewa a haka. Wata safiya ta kasa ɗaga kai gaba ɗaya, har Davlatsho ya ɗauko tsohon ɗankwalin Shahribonu ya ajiye, don ya sami abin naɗe ta. Mavluda ta gani, ba ta hana shi ba. Ta dai ce, "Kafin nan, miƙo cokalin."

Shi kansa ba ya cin abinci. Sai ta fara zuwa da gurasa da shayin madara mai gishiri da man shanu, ta tsaya a kansa. "Idan ka faɗi, ba ni da kwandon da zai ɗauke ka." Ya karɓa ya sha, bai yi musu ba.

Wata rana da hantsi suna zaune su uku, sai suka ji motsi. Barfak ce ta fito daga kwando tana tangaɗi. Ta je bakin kwano, ta shinshina, ta sa harshe da kanta. Babu wanda ya motsa har ta lashe rabi.

"Alhamdu lillahi," in ji Davlatsho. Ya yi ta maimaitawa, hawaye na bin gemunsa, wannan karon bai ɓoye ba.

Da aka buɗe hanya, shi da Nazarbek suka kai ta gari. Likita ya ba ta magani, ya ce idon hagu ya riga ya tafi, amma za ta rayu.

Da suka dawo, Davlatsho bai nufi gidansa ba. Ya tsaya a ƙofar maƙwabtansa rungume da kyanwar, yana ta neman kalma.

"Mavluda, ni dai... abin da na yi muku a baya..."

"Yaya, kana shigo mana da sanyi. Ko ka shigo ko ka rufe ƙofar."

Ya cire takalmi ya shiga. Ya ce, "Na gode. Allah Ya saka muku, Ya jiƙan iyayenku." Nazarbek ya matsa masa wuri kusa da murhu, Barfak kuma ta sauka ta zagaya ɗakin da idonta ɗaya, ta zaɓi matashin da ya fi kowanne laushi ta kwanta.

Darasi: Kada girman kai ya sa ka rufe ƙofarka ga mutanen da ke kusa da kai, domin ranar da hanya ta toshe, su ne za su iso. Kuma wanda ya tausaya wa dabba marar baki, ya tausaya wa mai ita. Idan kana da maƙwabci irin Mavluda, ka gode masa tun yau, sannan ka tura wa wasu labarin nan su ma su karanta.