Bushiya da Ƙannenta na Cikin Kwalba

Ga ta nan tafe, ga ta nanku!

Ta iso, muna saurare!

Wata shekara cuta ta faɗa wa daji, tana ta ɗibar ƴaƴan dabbobi. Bushiya kaɗai cutar ta kasa kamawa. Likita Dila ya duba jininta, ya ce maganin yana ciki, amma jinin bushiya ɗaya ba zai ishi daji ba.

Bushiya ta ce, "To, yaya za a yi, Malam?"

Ya ce, "Ba ni ƙayarki ɗaya."

Ta tsige ta ba shi. Ya jefa a kwalba, ya yi ta haɗe-haɗensa, sai ga ƴan bushiyoyi suna ta fitowa, kowacce sak Bushiya.

Kura ta lashe baki ta ce, "A yanka su a tatse jinin, ni in kwashe naman. Ai ba uwar da ta haife su, wa zai yi musu kuka?"

Ƴan bushiyoyin suka raɓe a bayan Bushiya. Ranta ya ɓaci, ta ce, "Ni zan yi, Kura, daga jikina suka fito. Malam, in kowacce ta ba da ɗigo ɗaya, bai isa ba?"

Dila ya dubi yawansu, ya ce, "Ya isa har ya yi saura."

Kura dai ta kai baki. Suka dunƙule gaba ɗaya, ta cika baki da ƙaya, ta zura da gudu tana kururuwa.

Aka haɗa magani, yara suka miƙe garau. Bushiya ta wuce gaba, ƙannenta na biye, daji ya ɗauki guɗa.

Ƙurunƙus, ta ƙare a kan ɗan kusu!