Goman da Zaglul Ya Ba Mahaifiyarsa

Akwai masu kisa a ƙasar nan waɗanda ba a taɓa kai su gaban alƙali ba, kuma ba za a kai su ba. Ba wuƙa suke riƙewa ba, biro ne da takarda mai gida-gida. Su shigo gidanka da sallama, su tambaye ka yaya kake, su fice kafin ka gama ba su amsa. Sun san kansu. Ga labarin ɗaya daga cikinsu, sauran su saurara.

Zaglul Abdurradi ɗan Naja Sidra ne, ƙauyen manoman rake a kudancin Masar. Ya yi shekara huɗu yana karatu a Asyut, ya dawo da takardar shaida da takalmi mai ƙyalli, tun daga ranar kuma bai sake sauraron maganar wani har ƙarshenta ba. In ka fara ba shi labari, sai ya ɗaga maka hannu ya ce, "Na gane, na gane." Alhali bai gane komai ba, gajen haƙuri ne kawai da ganin cewa bakin manomi ba ya fitar da abin da ya isa mai ilimi ya tsaya ji.

Mahaifiyarsa Hajiya Wahiba ƙodarta ta daina aiki shekara biyu ke nan. Sau uku a mako ƙanensa Sabri yake shimfiɗa mata katifa a bayan akori-kura ya kai ta birnin Suhaj wankin ƙoda. Awa biyu zuwa, awa huɗu a jikin inji, awa biyu dawowa. Ba ita kaɗai ba ce. Mutum ashirin da uku ne a Naja Sidra suke wannan zirga-zirgar, don ruwan da suke sha shi ne wanda ya ratso gonaki ya kwaso taki da maganin feshi. Da za ka tsayar da kowane ɗan garin ka ce ya zaɓi abu ɗaya a duniya, ɗakin wankin ƙoda zai ce, ba zai ko yi tunani ba.

Sai ga wata ƙungiya ta zo lardin da kuɗin aiki guda ɗaya tak, ga kuma ƙauyuka goma sha biyu. Sun gaji da tambayar manya, don manya kullum ginin da za a sa sunansu suke nema. Sai suka ce su mutanen za a tambaya. Za a auna jin daɗin rayuwar kowane gida, ƙauyen da ya fito a ƙasa kuwa, shi zai faɗi abin da yake so a yi masa. Wannan sharaɗin sun ɓoye shi, har ga ma'aikatan da suka ɗauka, don kada kowa ya ƙara wa kukansa gishiri. Zaglul aka ɗauka na Naja Sidra. Wa ya fi shi takarda?

Likitar da ke jagorantar aikin, Dakta Samiha, ta tara su a Suhaj. Ita ma 'yar kudu ce, ta san halin nata. Ta zana tsani mai hawa goma a allo ta ce, "Tambayar ke nan. Ƙasa rayuwa mafi muni, sama rayuwa mafi daɗi, kai a wane hawa kake? Amma ku ji ni da kyau. Babu wanda zai ba ku lamba da farko. Kowa Alhamdulillahi zai ce. Wanda ya aurar da 'yarsa jiya Alhamdulillahi zai ce, wanda ya binne ɗansa jiya Alhamdulillahi zai ce. Da Ubangijinsa yake magana, ba da ku ba. Ku zauna. Ku sha shayinsa. Ku sake tambaya, ku kuma sake. In kun ji ya ƙara da 'a kan kowane hali', to ku gyara zama, akwai magana."

Zaglul ya ɗaga hannu. "Dakta, gida ɗari da tamanin gare ni. Kofin shayi ɗari da tamanin ke nan. Ai ni za a kai wankin ƙoda."

Aka yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ce, "Mako uku aka ba ka, Ustazu. Kuma da abin da ka rubuta za a yi aiki."

A ransa ya ce, aiki ina? Takardu nawa aka cika a ƙasar nan suka ƙare a hannun mai sayar da gyaɗa?

Da ya koma gida sai Umda, dagacin garin, ya aika a kira shi. Ya same shi a kan benci yana jan carbi.

"Ustazu, na ji kai ne za ka rubuta mu. To ka rubuta mu da mutunci. Kada a je birni a karanta cewa mutanen Naja Sidra suna kuka. Maƙwabtanmu 'yan Kom Zarzur su ji, su samu abin yi mana dariya a kasuwa? Mu ba mabarata ba ne."

"Ranka ya daɗe, ai ba sai an faɗa mini ba."

Ya fara da gidan Baffa Shahata, tsohon da ɗansa guda ɗaya yake cikin masu zuwa Suhaj. Ya same shi yana yi wa ɓaunar da yake kiwo yankan ciyawa. Bai ko zauna ba, ya karanto masa tambayar.

"Alhamdulillahi," in ji tsohon. Ya goge hannu a rigarsa. "Zauna mana, ɗan Wahiba. Shayi na kan wuta. Ka ga yaron nan nawa, tun da..."

"Baffa, lamba nake so, ba tarihi ba."

"Lamba? Arba'in da uku, ta takalmina ke nan. In kyauta za a yi mini, baƙi nake so."

"Ka dai ce Alhamdulillahi, ko?"

"To me zan ce? Kafiri ne ni?"

Zaglul ya rubuta tara ya wuce. Abin da ya ɗauke shi ke nan har ƙarshe: mai Alhamdulillahi tara, wanda ya haɗa da murmushi goma. Sai ya ga aiki na gudu. Bazawara mai 'ya'ya biyar, tara. Makahon da ke bakin masallaci, goma, don shi kullum fuskarsa a sake take. Wasu suka bi shi har ƙofa da kofin shayi a hannu, ya ce musu wani lokaci.

Rana ta uku ya shigo gidansu da hantsi. Hajiya Wahiba tana zaune a tsakar gida tana kallon matar Sabri tana jera ƙullun burodi a rana don ya tashi, aikin da shekara arba'in ita ke yi, yanzu hannun ba ya iyawa. Ƙafafunta sun kumbura kamar an hura su. Ya tsaya a kanta ya karanta mata zancen tsani.

Ta yi dariya har da tari. "Tsani? Ni da dokin ƙofa ma sai Sabri ya ɗaga ni? Wa ya aiko ka ka yi mini ba'a da safe?"

"Umma, don Allah, sauri nake. Yaya kike jin rayuwarki?"

Ta dube shi. Ta ce, "Alhamdulillahi, ɗana. A kan kowane hali."

Ya ji ƙarashen. Wallahi ya ji, a cikin wannan harshen aka haife shi. Amma ta yi dariya, shi kuma yana da doka. Ya rubuta goma. Gida hamsin na ƙarshe ko zuwa bai yi ba, a gidan shayi ya cike su washegari da rana, tsakanin wasan domino biyu. Aikin mako uku ya gama shi a kwana huɗu.

Allah bai bar shi babu hanyar komawa ba. Bayan sati biyu Dakta Samiha ta kira shi a waya.

"Ustazu Zaglul, lambobinka sun ba ni mamaki. Garinku ya fi unguwar masu kuɗi ta Alƙahira farin ciki. Ka tabbata ka zauna da mutanen nan? In akwai gyara, har yanzu da lokaci, ba wanda zai ji."

Kalma ɗaya ta rage ya faɗa. Sai girman kai ya riga shi magana. "Dakta, ni ɗan garin ne, ke baƙuwa ce. Mutanena masu wadatar zuci ne. In ba ki yarda da aikina ba, ki faɗa mini kai tsaye."

Ta ce, "Shi ke nan. Kai ka san su."

Bayan wata huɗu aka zo da motoci da masu ɗaukar hoto, aka kafa allo a mashigar gari: Naja Sidra, ƙauyen da ya fi kowane farin ciki a lardi. Umda ya yanka rago biyu. Ana cikin cin nama sai baƙon da ya zo da allon ya ɗauki lasifika ya bayyana sauran zancen. Kom Zarzur ce ta zo ƙarshe, inda wata malamar firamare ta yi mako uku cur tana bi gida-gida. An tambaye su abin da suke so, sun ce gada, don yaransu biyu sun nutse a mashigi bara. Gada za a gina musu.

Aka daina tauna. Baffa Shahata ya ce da ƙarfi, "Tsaya, malam. Da mu ne a ƙasa, duk abin da muka ce shi za a yi mana?"

"Ƙwarai, Baffa. Amma ku ai kun gode Allah."

Washegari Zaglul ya tafi Suhaj, ya shiga ofishin Dakta Samiha ba takalmi mai ƙyalli a ransa, sai roƙo. A sake awon. An yi kuskure. Akwai marasa lafiya. Ba ta ce masa ya zauna ba. Ta jawo tarin takardunsa, ta yi ta buɗawa, ta tsaya a kan ɗaya.

"Wahiba Sayyid Gad, shekara sittin da ɗaya. Goma. Wace ce wannan mai sa'ar?"

Da ƙyar ya ce, "Mahaifiyata ce."

"Lafiyarta ƙalau?"

Ta mayar da takardar cikin tarin.

"An riga an zuba harsashin gada, Ustazu. Kuɗin aiki ɗaya ne, kuma su ma ba ƙarya suka yi ba. Awo na gaba sai bayan shekara biyar, in masu ba da kuɗin suna nan. Ni ma ina da nawa laifin, da na ji muryarka a waya ya kamata in taso in zo da kaina. Yanzu zan zo."

Ta kuwa zo. Ta shiga gida goma, ta zauna, ta nuna wa kowa lambar da aka ba shi, ta nemi gafara. Kafin la'asar babu wanda bai sani ba. Ba wanda ya taɓa Zaglul. Ko zagi bai samu ba, da ya samu da ya ji sauƙi.

Ɗan Baffa Shahata ya rasu a watan Janairu. Daga nan Zaglul ya karɓi kai mahaifiyarsa Suhaj, Sabri na tuƙi, shi yana baya yana riƙe mata laima. Wata Laraba cikin Afrilu, rana tsaka, jirgin ƙasan da ke jan rake zuwa masana'antar sukari ya tsaya ya gitta hanya. Minti ashirin, minti arba'in. Numfashinta ya fara sarƙewa, ruwa ya taru mata a ƙirji. Sabri ya sauka da gudu yana yi wa direban jirgi ihu. Zaglul ya tallafo kanta.

"Umma, ki yafe mini."

Ta buɗe ido da ƙyar. "Nawa na yafe tun tuni. Ni na haife ka, ya zan yi? Na Shahata da na sauran, ka je ka nema a wurinsu."

Jirgin ya motsa bayan awa ɗaya da kwata. Sabri bai nufi Suhaj ba, juya motar ya yi.

Aka kafa rumfar zaman makoki, maza suka jeru a bakinta don karɓar gaisuwa, Zaglul a farko tunda shi ne babba, Sabri na biye. Mutanen gari suka zo, don Hajiya Wahiba ba ta da abokin faɗa. Na farko ya iso, Zaglul ya miƙa hannu, mutumin ya wuce hannun kamar ba ya nan, ya kama na Sabri ya ce Allah ya jiƙanta. Na biyu ma haka. Baffa Shahata ya zo yana dogara sanda, ya rungume Sabri suka yi kuka tare, kafaɗarsa tana gogar hannun Zaglul. Umda da kansa, wanda ya ce a rubuta su da mutunci, ya ɗauke kai ya wuce. Kwana uku ana zuwa, har daga Kom Zarzur, mutum fiye da ɗari huɗu. Ya kasa barin layin don uwarsa ce, kuma babu ko ɗaya da ya karɓi hannun.

Darasin a fili yake. Tambayar mutane halin da suke ciki abu ne mai kyau, da shi Kom Zarzur ta samu gada, amma awon ba ya fin mai riƙe da biro gaskiya da haƙuri. Godiyar bawa ga Allah ba shaida ba ce cewa ba ya jin ciwo, mai mutunci ba ya zubar da kukansa a tambaya ta farko. Duk wanda aka ɗora wa amanar jin halin jama'a, ya zauna ya saurara har ƙarshe, in kuma ya yi kuskure aka ba shi damar gyarawa, ya sauke kai ya gyara kafin wani ya biya da ransa. Kada kuma ka tsaya tsine wa Zaglul kana jin kai wani ne daban. A makon nan ka tambayi wani na jikinka yaya yake, ya ce Alhamdulillahi, ka ji yadda muryarsa ta faɗi, ka yi kamar ba ka ji ba don kana sauri. In ƙarya na yi maka, ƙaryata ni.