Kunkuru Mai Tara Gashin Tsuntsaye

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso.

Ta zo mu ji ta.

Kunkuru ne ke tara gashin tsuntsaye, wanda ya faɗi kawai yake tsinta. Ya samu na kowa, saura na amininsa Zalɓe.

Ya ce, "Aboki, sam mini ɗaya."

Zalɓe ya ce, "Yi haƙuri, ran da ya faɗi naka ne."

Sai Dila ya raɗa wa Kunkuru, "Har yaushe za ka jira? Fizgo na fiffikensa in ya sunkuya shan ruwa."

Da Zalɓe ya sunkuya, Kunkuru ya kai cizo, fiffiken ya karye. Nan take Dila ya cafke Zalɓe ya cinye, ya ce, "Ga gashi nan, kwashi."

Kunkuru ya dubi gashin amininsa birjik a ƙasa, bai taɓa ko ɗaya ba. Ya ja kansa cikin ƙoƙon bayansa. Har yau kunyar ke sa shi ɓuya.

Ƙurunƙus kan ɓera, nan ta tsaya.